Godiyar da Ban Kai wa Ladi Ba

Bakina ya saba da tatsuniya, jikokina sun sani, amma wannan ba ta cikin waɗanda ake tashi da dariya. Tawa ce, a kaina ta faru, a nan Jalingo tun garin bai kai haka ba. Godiya ce guda ɗaya da ta maƙale mini a maƙogwaro tun ina yarinya ɗanya. Na yi goyo tana nan, na aurar da 'ya'ya tana nan, na yi furfura tana nan, kuma mai ita ba ta san ina ɗauke da ita ba.

A zamaninmu da ƙafa ake yin godiya. In maƙwabciya ta aiko miki da miya, "an gode" da kika ce wa ɗan aike ba a sa shi a cikin godiya. Sai gari ya waye, kin share tsakar gida, kin yafa mayafi kin je ƙofarta, ko kin leƙa ta saman zana kin ce, "Sannu da jiya, Allah ya saka da alheri." In kuwa kyautar mai nauyi ce, zane ko akuya, to bakinki kaɗai bai isa ba. Ɗauka za ki yi ki bi gida gida kina nunawa, kina cewa ku taya ni godiya, su kuma kowacce sai ta taka ta je wurin mai kyautar. Abu ɗaya, sai a kwana uku ana gode shi. Shi ya sa safiyar unguwarmu Turaki ta wancan lokaci ke da amo irin nata: luguden taɓarya ta wannan gida ta amsa wa ta wancan, 'yan matan Fulani na kiran nono, matan Mumuye na saukowa daga duwatsu da doya da itace, a tsakaninsu duka kuma ba abin da kake ji sai sannu da jiya, useko, madalla, mi yetti. Kowa da yarensa, abin da ake faɗa ɗaya. Yanzu kuwa ina zaune za a kawo wa jikata kaya niƙi-niƙi, ta danna waya sau biyu ta ajiye. In na ce yaushe za ki je, sai ta ce, "Hajiya, ai na tura." Ban ce ba godiya ba ce. Amma ban ga ƙura a ƙafarta ba. Sai dai da na buɗe baki zan yi faɗa, sai in tuna ko ni wace ce, in yi shiru.

Mutanen gidanmu dukawa ne, kakana daga Zariya ya zo da sana'ar fata. Uwata ta rasu ina ƙarama, saboda haka da cikina na fari ya tsufa ba gidan da zan koma haihuwa. A hannun uwar mijina na zauna, wadda muke ce wa Goggo. Bafulatana ce doguwa, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero, amma ba a tsallake mata al'ada. Ita ta koya mini kunyar ɗan fari, ko da yake na taso na ga ana yi. Ku na yanzu ba ku san ta ba, don na ga kuna ɗaga ɗan fari sama kuna sumbata a gaban surukai. Mu a wurinmu, ɗan fari ba naki ba ne a idon jama'a. Ba ki kama sunansa, ba ki yi masa wasa, in yana kuka a gaban mutane ba ki waiwaya sai an ce miki tashi. In wani ya ce yaron nan ya yi kyau, sai ki sunkuyar da kai kamar an zage ki. Goggo takan ce, "Yarinya mai hankali a ciki take son ɗanta. Uwa ta waje ai mu ne." Yarinyar da ta nuna ta damu da ɗan farinta, har bakin rijiya sai an yi da ita.

Da damina na haife shi, namiji. Kwana uku da haihuwa sai zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Aka yi gashi, aka yi jiƙo, aka dama kunun kanwa har na ƙi jininsa. Da kumburin ya sauka sai nonon ya tafi tare da shi, ko ɗigo babu. Goggo ta gwada madarar shanu da ɗan ludayi, ya amayar. Ta gwada ta akuya, cikinsa ya ɓare. Kukansa na ranar farko har waje ake ji. Na rana ta biyu sai ka shigo ɗakin. A rana ta uku baki kawai yake buɗewa, maɗigarsa ta faɗa ciki. Ina kwance na ba shi baya, fuskata a bango, mata na shiga suna fita. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, yarinyar nan da kunya take, ko kallonsa ba ta yi." Ba su san zanen da ke bakina na tauna shi har ya huje ba.

A bayan zanarmu akwai wani ɗan ɗaki da wasu Mumuye ke zaune. Mijin haƙar rijiya yake yi, matar na sayar da doya a bakin hanya. Ladi ake kiranta a gari, sunanta na gida kuwa ban taɓa riƙewa ba. Gajera ce kakkaura, mai dariya da ƙarfi, ranar Lahadi takan ɗaura farin kallabi ta tafi coci. Tana goyon 'yarta Talatu, wata biyu da haihuwa. Tsakaninmu da ita ba ya wuce gaisuwa da aron wuta. Hausarta a karye take, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta, har matan gidanmu kan kwaikwaye ta in ta wuce.

Da hantsi a rana ta ukun nan sai muka ji ana yage zana. Ba ta ma zagayo ta ƙofa ba. Ta shigo da ƙaiƙayi a kanta, ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Goggo, yaro ya daina kuka. Ni ba na son yaro ya daina kuka. Kawo shi."

Goggo ta dube ta, ta dubi yaron, ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Bari a tambayi malam ko ya halatta."

Ladi ta ce, "Malam yana da nono ne? Ka aika, ka tambaya. Kafin ya zo, kawo."

Ta zauna a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafafu, ta karɓe shi. Da farko bai kama ba. Ta matsa masa a leɓe, tana yi masa magana da yarensu ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin ɗan akuya. Can sai na ji wani ɗan sauti, ƙut, ƙut, ƙut. Na daɗe a duniya, na ji kiran salla a Makka da kunnena, amma Allah ya gafarta mini, ban ji abin da ya shige ni kamar haɗiyar nan ba. Ko da ɗan aike ya dawo ya ce malam ya ce babu laifi, yaron ya riga ya yi barci da nono a gefen baki.

Tun daga ranar, ramin zanar nan ba a sake toshe shi ba. Da safe ta shigo, da rana ta bar doyarta ta shigo, da la'asar ta shigo. Talatu a dama, shi a hagu. Takan ce, "Wannan ɓarawo ne, ya fi mai gida ci." Ita ta rame, shi ya yi kumatu. Goggo kuwa ta yi abin da ya kamata, har ta wuce. Ta ba ta turmin zane, ta auna mata dawa, kullum da ƙwaryar kunu ta musamman. Ta yafa mayafi ta bi unguwa kaf tana cewa ku taya ni godiya, matan Turaki suka yi ta tururuwa ɗakin Ladi har ta rasa inda za ta zaunar da su. Mijina ya je ya durƙusa wa mijinta. Kowa ya gode. Ni kaɗai ce ban ce komai ba.

Yaya zan ce? In na ce na gode, na ce ɗana ne ke nan. Na ce ina son sa, na ce da ya mutu da na ji ciwo. A gaban Goggo, a gaban matan gida? In Ladi ta shigo sai in sami abin yi, in juya baya ina wanke-wanke, kunnena na wurinsu. Mutanenmu duk sun gane, har yabona suke yi. Abin da ban yi tunani ba shi ne, su Ladi ba su da wannan al'ada. A wurinsu uwa rawa take yi da ɗan farinta a tsakar gida. Abin da ta gani kawai shi ne yarinya mai ɗauke kai duk lokacin da ta shigo.

Bayan an gama girbin dawa, yaro ya fara zama yana shan kunu, sai aka aiko uban mijinta ya rasu, za su koma ƙauye su riƙe gona. Ta shigo sallama da la'asar. Mata sun cika tsakar gida, ina zaune a gefe da faifai ina tsince shinkafa. Ta ba shi nono na ƙarshe, ta daɗe tana shinshina kansa. Sannan ta taso da shi a kafaɗa ta tsaya a gabana, har inuwarta ta rufe faifan.

Ta ce, "Amarya, gobe ni za tafi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban ɗago ba.

Ta ce, "Duba yaro naka. Ya yi ƙiba ko bai yi ba?"

Na ci gaba da tsince shinkafata. Mata suka fara dariya. Wata ta ce, "Ladi, ƙyale ta, kunya take ji."

Ladi ta ce, "Kunyan me? Na sata ne? Goggo ya gode, maigida ya gode, har mai goro na bakin hanya ya gode. Shi mai yaro, bakinsa ya mutu?" Dariya ta ƙaru. Ita ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce, "Ko nono na arne ne, yana maka ƙyama? Faɗi gaskiya, ni ba zan yi fushi ba."

Wallahi maganar ta taso mini har kan harshe. Na ɗaga ido kaɗan, sai na ga Goggo na kallona, ba da faɗa ba, kallo ne kawai irin na mai jiran ta ga tarbiyyarta. Sai na mayar da kai, na ɗauki wata tsakuwa daga cikin shinkafa na jefar. Ladi ta juya. Ta miƙa wa Goggo yaron, ta bi ta ramin zana ta fita.

Na ce a raina ai akwai gobe, godiya dama ta safe ce. Zan bi ta ramin nan ba mai gani, in kama ƙafarta in faɗa mata komai. Na ware kallabina mafi kyau na cikin kayan aure na naɗe. Da gari ya waye na ɗora wa Goggo ruwan wanka, na dama koko, na share gida, don kada a ce na yi rawar jiki. Rana ta ɗan ɗago sannan na sulale. Na tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki wayam. Motar da za su bi tun da asuba ta tashi. Na taɓa duwatsun murhunta, da sauran ɗumi. Na tsuguna a wurin riƙe da kallabi har suka huce.

To, rayuwa ba ta tsayawa. Allah ya ba ni wasu 'ya'yan, nono ya zo kamar ba shi ne ya taɓa ƙafewa ba. Zana ta koma katangar bulo, garin ya zama babban birni, aka cika shi da ofisoshi da baƙi. Shi kuwa ɗan farin a ɗakin Goggo ya tashi, Adda yake ce mini kamar wata yayarsa. Goggo ta rasu bai yi wayo sosai ba. Matan da suka taya godiya suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, mijina ma ya tafi. Waɗanda suka sani sun ɗauka zan faɗa masa, ni kuma tsakanina da shi ba doguwar magana. Ya girma ya zama tela, mutum mai sanyin hali. Kowace safiya sai ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata, "Adda, an tashi lafiya?" In ce lafiya, ina kallon wani wuri. Ya yi furfura a gemu muna a haka. Sau nawa na shirya in ce masa, kai, akwai wata mata. Sai in ce bari sai mun keɓe. In mun keɓe kuma sai kunyar ta fi yawa.

Da tsufa ya zo na shiga makarantar manyan mata ta unguwa, ko na gyara sallata. Wata rana malamarmu ta ce, Allah ba ya sauko da alheri a faifai, ta hannun mutum yake aikowa, kuma wanda ya tsallake hannun bai gama gode wa Mai aikowar ba. Sauran mata suka ce haka ne. Ni kuwa na dawo gida na kasa cin abinci. Carbina ya sha alhamdu lillahi har 'ya'yansa sun yi santsi. A kan yaron nan kaɗai na gode wa Allah abin da ba ya ƙirguwa. Ashe duk tsawon nan ina zagaye wata mata ne ina wucewa.

Bara ciwo ya kama ɗan farin nawa, na ciki, wanda ba ya jin magani. Da abin ya yi tsanani aka kai ni wurinsa da rana tsaka. Ya sa matarsa da 'ya'yansa suka fita. Ya rame har ya koma mini kamar ranar nan ta uku. Ya ce, "Adda, matso." Na matsa. Ya ce, "Na gode da wahalar da kika sha a kaina. Ki yafe mini nonon da na sha."

Ga ɗaki ba kowa. Ga shi ya buɗe mini ƙofa da kansa. Amma na dubi idonsa na ga yadda ya dogara da maganar, sai na ji ba zan iya ƙwace masa uwa a wannan hali ba. Ko kuwa tsoro ne kawai, Allah ya sani. Na ce, "Na yafe." Na karɓi godiyar da ba tawa ba, na yafe abin da ba nawa ba. Kwana biyu ya cika. Aka yi zaman makoki, mata na kuka, ni ina zaune a kan tabarma idona a bushe ina amsa gaisuwa. Tsofaffin da suka rage suka ce, "Kun ga ta da, har yau ba ta saki kunya ba."

Bayan sadakar arba'in na kira 'yar autata na faɗa mata komai. Ta yi ta kallona kamar ba ta san ni ba. Ita ta bi masu doya a kasuwa tana tambayar iyalan wani mai haƙar rijiya da ya taɓa zama a Turaki, matarsa Ladi, 'yarsu Talatu. Aka yi ta turata daga wannan zuwa wancan, har aka dace. Wani ƙauye ne a gefen hanyar Lau. Kuma tana da rai. Tafiyar da na kasa yi tun ina yarinya, ashe ko azahar ba ta kaiwa.

Wata dattijuwa mai furfura ta tare mu a ƙofar gida, ita ce Talatu. Ta ce, "Mama, sannunku da zuwa. Sai dai ba ta gani yanzu, Hausar ma ta gudu daga bakinta tun da ta yi ciwo. Ku faɗa, ni zan juya mata." Ta kai mu gindin wani mangwaro. Ga Ladi a kan buhu, ta ƙanƙance kamar yarinya, tana ɓare gyaɗa da lalube.

Na zo da magana biyu, godiya da roƙon ta yafe masa nono. Na ajiye sandata na durƙusa, gwiwoyina na ƙara. Na kama ƙafafunta biyu. Na ce, "Ki ce mata amaryar gidan Goggo ce, ta Turaki, mai yaron da ta shayar." Talatu ta faɗa. Hannun Ladi ya tsaya a cikin gyaɗa. Ta lalubo fuskata, ta shafa, ta yi wata 'yar dariya ta ce wani abu.

Talatu ta ce, "Wai bakin ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi. Yaya Ladi, na gode. Na gode. Ba ƙyama ba ce, wallahi ba ƙyama ba ce, al'adarmu ce ta hana ni. Washegari na zo na tarar kun tafi. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki abin da ni ba zan iya ba." Na yi ta faɗa, Talatu na juyawa, har ta gaji ta bar ni ina yi.

Ladi ta saurara har na ƙare. Sannan ta yi magana mai ɗan tsawo, tana juya kai wajen ƙofar gida.

Talatu ta ce, "Ta ce ta ji, ta karɓa, ya wuce. Ke yarinya ce a lokacin. Ta ce amma ba ke take jira ba. Shi take jira. Kowace shekara in an yi sabuwar doya sai ta ware manya ta ce ɗanta na Jalingo zai zo, har muna yi mata tsiya. Tana tambaya, yana mota ne? Me ya sa bai shigo ba?"

'Yar autata ta juya baya. Talatu ta dubi fuskata, ta gane, ta girgiza mini kai alamar kada in faɗa. Amma na riga na yi wa matar nan shiru sau ɗaya.

Na ce, "Ki ce mata ya rayu. Ya yi gemu, ya yi furfura, ya ga jikoki, bai taɓa cutar kowa ba. Ki ce mata bai ƙi zuwa ba, bai sani ba ne. Ni ce ban faɗa masa ba. Ki ce mata Allah ya karɓi abinsa."

Talatu ta faɗa a hankali. Ladi ta ture gyaɗar gefe. Sai ta dafe ƙirjinta na hagu da hannu biyu, ta buɗe baki ta saki kuka, kuka irin na uwa, mai ƙarfi, ba kunya ba ɓoyo, har matan maƙwabta suka fito da gudu. Ta yi ta jijjiga tana kiran wani suna da yarensu wanda ita ta sa masa, ni ban taɓa sani ba. Maganata ta biyu ba ta sami wurin fita ba, har yau tana nan.

Na matsa na rungume ta, ƙashi da ƙashi. Ni da na zo godiya, sai na ji bakina yana cewa, "Sannu, Yaya Ladi. Sai haƙuri. Allah ya jiƙan ɗanki."